Ɗiyata ta bugu a kai a wasan zari-ruga: yaushe za ta koma fili?

Wata uwa, unguwar Birni, Damagaram:
Assalamu alaikum. Ɗiyata mai shekara 17 ta faɗi jiya a wasan zari-ruga (rugby), ƙeyarta ta daki ƙasa. Ba ta suma ba, amma tun daren jiya tana riƙe da kanta, hasken wayarta ma ba ta iya kallo, ga jiri idan ta miƙe. Shin ta koma horo jibi?

Wani malamin jinya, Zango:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ta koma, domin alamun nan sun yi kama da na girgizar ƙwaƙwalwa, wato raunin da bugun kai ke yi wa ƙwaƙwalwa. Mafi yawanta tana faruwa ne ba tare da suma ba, kuma sau da yawa hoton kai ba ya nuna ta. Ki kai ta ga likita yau. Idan ta soma amai akai-akai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewar magana, ku tafi babban asibiti ko da tsakar dare ne. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke.

Wata tsohuwar ƴar wasa:
Yaya, hukumar zari-ruga ta duniya, World Rugby, ta tanadi aƙalla kwana 21 kafin a koma wasa bayan girgizar ƙwaƙwalwa ga waɗanda ba ƙwararru ba, ana komawa mataki-mataki. Wuyan mata bai kai na maza ƙarfi ba galibi, shi ya sa idan ta warke ya kamata a koya mata atisayen wuya da yadda ake faɗuwa.

Uwar:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun kama hanyar asibiti yanzu.