Neman kalmar Hausa: me za mu kira "altarpiece"?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri a kan masu zanen Italiya na ƙarni na 14, kuma na maƙale a kan kalmar "altarpiece", wadda Italiyawa ke kira "pala d'altare", wato babban zanen da ake kafawa a saman ko bayan teburin ibada a majami'a. Misalina shi ne Maestà, wanda Duccio ya zana wa babbar majami'ar Siyena: an ba shi aikin a 1308, aka kuma raka zanen zuwa majami'ar cikin jerin gwano ranar 9 ga Yuni, 1311. Ina kuma neman sunan "predella", wato jerin ƙananan zane-zanen da ke ƙasan babban.

Malamar zane: Wa alaikumus salam. Ni dai "allon bagadi" nake gani. Bagadi, wato wurin miƙa hadaya, kalma ce da ta daɗe da zama a Littafi Mai Tsarki na Hausa, allo kuma yana nuna cewa a kan katako aka yi aikin, abin da ya raba shi da zanen bango irin wanda mai zane Giotto ya yi a birnin Paduwa. Kafinta ne ke fara harhaɗa katakan, a manna musu ƙyalle, a yi ta shafa farar ƙasa da aka dama da gam ɗin fatar dabba, a kankare har ya yi sumul, sannan a shimfiɗa zinariya mai kaurin fatar albasa a kan jan yumɓu, launukan kuwa da gwaiduwar ƙwai ake kwaɓa su.

Dattijo daga Damagaram: Malama, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Duk Bahaushen da ya ji allo, makarantar allo ce za ta faɗo masa a rai, kuma bai dace a jingina wannan kalma ga hoton mutane da aka kafa a wurin ibadar wani addini ba. Shawarata ita ce "zayyanar bagadi".

Malamin Hausa: Baba, ranka ya daɗe, ai zayyana ta fi allo kusa da abin da kake gudu, tunda ita ce adon da ake yi wa allon mai sauka. Allo kuwa ya daɗe da fita daga tsangaya, muna da allon aji da allon sanarwa, kuma shi kansa daga Larabci muka aro shi.

Dattijo daga Damagaram: Aron Larabci daban, bin Turawa daban. Ku 'yan boko na Kano kun ɗauka duk abin da kuka buga a littafi shi ne Hausa, mu kuwa sai mu bi.

Malamin Hausa: Baba, ba a kawo maganar Kano ba.

Mai wa'azi daga Jos: A majami'unmu "hoton bagadi" za a fi saurin ganewa, sai dai hoto yana sa a zaci na kyamara ne. Maestà kuwa gaba da baya aka zana shi, Maryamu da jaririnta a kan karaga ta fuskar jama'a, labarin shan wahalar Yesu ta baya, shi ya sa a 1771 aka sa zarto aka tsaga shi, har wasu gutsattsarinsa suka ƙare a Landan da Washinton. Abin da zarto ya tsaga, katako ne, don haka ina bayan Malama.

Malamar zane: Ga "predella" kuma, ina ba da "dakalin allo", tunda a kansa babban zanen yake zaune.

Malamin Hausa: Dakali na ƙofar gida ne, "gindin allo" ya fi sauƙi a kunne.

Mai shirin rediyo: Na gode muku. Zan ce "allon bagadi", in bi shi da bayani a karon farko. Ƙananan zane-zanen kuwa zan siffanta su kawai ba tare da suna ba.

Dattijo daga Damagaram: Shirinka ne, ka faɗi abin da ka ga dama, amma ni a rubutuna zayyana zan ci gaba da sawa.