Na iso Tawa bayan an rufe Inna

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata a Tawa. Ina Yamai aka buga mini waya da asuba, na shiga motar farko, amma tafiyar ta haura kilomita 500, kuma kafin mu kai Birnin Ƙonni an riga an sallace ta an kai ta makwancinta. Ban ɗauki makararta ba, ban kuma samu na roƙe ta gafara ba. A zaman makoki idona bai zubar da komai ba, sai yanzu da na koma bakin aiki hawaye suke zo mini, musamman ranar Juma'a da na saba kiranta. Wani abokin aikina ya ce rashin tawakkali ne. Shin haka ne?

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Abokinka bai yi daidai ba, domin Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake gargara, ya kuma bayyana cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma baki ba ya furta sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Kada kuma ka riƙi 'yan'uwanka a zuci, tunda gaggauta jana'iza umarni ne suka bi. Abin da ya rage gare ka shi ne addu'a da sadaka, da biyan bashinta idan ta bari.

Uwar Marayu:
Ɗana, sannu da rashi. Lokacin da maigidana ya rasu, na yi takabar wata huɗu da kwana goma gida cike da mutane, ban san nauyin abin ba sai ranar da na fita, aka naɗe tabarmi, na ga na zuba tuwo a kwanonsa da magariba bisa sabo. Ka nemi ƙawayen mahaifiyarka da ƙannenta, ka riƙa gaishe su ranar Juma'ar nan da ka saba kiranta. A bakinsu za ka ji abin da take faɗa a kanka.

Ɗan Adar:
Na gode, Malam, na gode, Baba. Akwai gwaggona a Tawa da ban kira ba tun sadakar arba'in, domin muryarsu ɗaya da Inna. Zan daure in kira ta jibi bayan an sauko daga masallaci.