Farar magena ta haifi baƙi, kuma kunnuwanta suna ɓawo

Mai tambaya, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina da farar mage 'yar Farisa mai shuɗin ido, na haɗa ta da jan muzurun maƙwabciyata. Ta haifi huɗu: biyu farare, namiji ɗaya baƙi wuluk, sai mace mai ja da baƙi a cakuɗe. Maƙwabciyar ta dage cewa wani muzurun ne ya tsallako katanga. Haka ne? Sannan tun shigowar zafin Maris bakin kunnuwan uwar ya yi ja, yana ɓawo.

Malamin kimiyya, Marwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki wanke katangarki daga zargi. Farin irin wannan tamkar mayafi ne, ƙwayar gadonsa tana rufe ainihin launin da ke ƙasa, kuma 'ya'yan da ba su gaji mayafin ba sun nuna cewa magenki tana ɗauke da baƙin launi a ɓoye. Ƙwayar jan launi kuwa a kan kuromosom X take, wato ɗaya daga cikin zaren gadon da ke tantance namiji ko mace, namiji kuma X ɗaya yake da shi, daga uwa yake karɓarsa, don haka ba ya gadon jan ubansa. Mace tana karɓar ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, shi ya sa ta fito da ja da baƙi tare, launin da da wuya ki gan shi a jikin namiji.

Mai kiwo, Ngaundere:
Ni kunnen ya fi damuna, 'yar'uwa. Fatar farar mage ba ta da sinadarin launin da ke tare rana, ga gashin kunne ba kauri, ranar Garwa kuwa ba ta wasa. Ƙunar da ke maimaituwa shekara da shekaru tana iya rikiɗewa ta zama kansar fata, har a kai ga yanke kunnen. Ki hana ta kwanciya a tsakar gida daga hantsi zuwa la'asar, ki kai ta wurin likitan dabbobi ya duba, domin makero ma yana kama 'yan Farisa sosai, kuma yana tsallakawa jikin yara. Kada ki shafa mata maganin ƙumar kare mai permethrin, guba ne ga mage.

Malamin kimiyya, Marwa:
Na manta, Hajiya: kurumta tana yawan bin farare masu shuɗin ido. Kafin ki ba kowa fararen nan biyu, ki tafa hannu a bayansu suna barci, ki ga ko kunnuwansu za su motsa.