Ɗan ɗakinmu mulhidi ne, wai ni ne na toshe kunnena

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani da muke ɗaki ɗaya a makaranta, bai yarda akwai Allah ba, ni kaɗai yake faɗa wa don ya san halin garin nan. Kusan kullum da daddare sai mun yi musu har garin kwakin da muka jiƙa ya kumbura a kofi ba mu sha ba. Jiya ya ce wai wace hujja ce in ya kawo zan bar imanina, na ce babu, sai ya kwashe da dariya ya ce to ka gani, shi ne mai neman gaskiya ni kuma na toshe kunnena tun kafin a fara. Wlh abin ya tsaya min a rai. Me ya kamata in ce masa?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mayar masa da tambayar mana, shi wace hujja ce za ta sa ya yi sujada? In ya yi shiru to kun yi kunnen doki. Taurin kai ai ba shi da addini. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo maganar cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, shi a 1927, fada ne na cocin Katolika, Georges Lemaître ɗan Beljiyam, daga baya ya ce komai daga mafari ɗaya ya taso. Fred Hoyle kuwa, babban masanin taurari ɗan Ingila wanda bai yarda da addini ba, ya ƙi amincewa, shi ne ma ya laƙaba wa abin suna Big Bang a rediyon BBC a 1949. Sai ga wasu masana biyu, Penzias da Wilson, a Amurka wata ƙara ta dame su a eriyarsu, har kashin tantabaru suka share suna zaton shi ne matsalar, ashe ragowar zafin wancan mafarin sararin samaniyar ne suke ji, suka fitar da binciken a 1965, yawancin masana suka sallama amma Hoyle har ya rasu a 2001 bai sauka daga bakarsa ba. Kuma abin da ya fi burge ni, da Fafaroma Pius na 12 ya ɗauki binciken a 1951 kamar ya tabbatar da halitta, shi Lemaître ɗin bai ji daɗi ba, bai so a jingina imani a kan lissafin da gobe zai iya canjawa.

Ummu Hanif:
Malam ka yi gaskiya amma mu ma fa muna da namu laifin. Har yau ana tura mana a WhatsApp wai Neil Armstrong ya ji kiran salla a kan wata ya musulunta, alhali mutumin ya musanta tun yana raye. Ka kai wa mulhidi irin wannan, minti biyu ya bincika a waya, shike nan duk abin da za ka faɗa bayan nan ya zube. Imam Gazali ma ya yi gargaɗi kan masu ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini, a ganinsa ɓarnar da suke wa addinin ta fi ta masu sukarsa. Alƙur'ani da kansa cewa ya yi ku kawo hujjarku in kun kasance masu gaskiya, to kar mu zama mu ne masu gudun a tambaye mu.

Abu Sumayya:
Ni dai shawarata ka daina wannan musun dare in ba ka da karatu, shubuha ba abin wasa ba ce. Kuma don Allah kar ka tona masa asiri, amana ya ba ka.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode sosai. Abu Sumayya ba mai jin sunansa a bakina in sha Allah. Anti Ummu Hanif, wancan na Armstrong ɗin shi ya fara kawo min don ya tsokane ni. Yau zan mayar masa da tambayar Malam in ji ta bakinsa, amma sai bayan jarabawar gobe.