Musayar waƙa: sata ce ko haƙuri?

Ɗan Ƙofar Mata

Salamu alaikum. Wani abu ya tsaya min a rai, sai ya fito da baiti. Wanda zai iya ya karɓa.

Na fito da asuba hazo na sauka,
Kyamara a wuya kamar 'yar jaka,
Ƙofar Mata na nufa domin in ɗauka
Masu rini tun rana ba ta fito ba.

Ga wani dattijo a bakin karofi,
Ya tsoma ƙyalle can cikin zurfi,
Hannunsa shuɗi, ga jijiya ga ƙarfi,
Shuni ya kama shi, ba zai sake ba.

Ban yi sallama ba, na laɓe a gefe,
Har haske ya tsaga hazon safe,
Ya ɗaga ƙyallen, idona a kafe,
Na danna ƙyas, shi ko bai sani ba.

Hoton ya fito, na san ya yi kyau,
Shuɗin hannun nan ya fita garau,
Amma barci ya ƙaurace min har yau:
Jama'a, sata na yi ko ban yi ba?

Tsohon Mai Hoto, Zariya

Wa alaikumus salam, ɗana. Mu da fim muka fara, guda ɗaya hoto 36 yake ci, in ka ɓata ɗaya ka ji a aljihunka. Na karɓi “ba” ɗinka.

Ɗana, abin da ka yi sunansa haƙuri,
Ɓarawo ba ya jiran haske, ba ka lura ba?

Akwai Bafaranshe, Henri Cartier-Bresson,
Kyamarar Leica ce a hannunsa, 'yar ƙarama, ba babba ba.

A 1932, bayan tashar jirgin ƙasa a Faris,
Ya leƙa ta tsagar shinge, bai ce uffan ba.

Wani ya daka tsalle zai haye kududdufi,
Ya cafke shi a iska, diddige bai taɓa ruwa ba.

Da ya ce masa “Malam, tsaya in ɗauke ka,”
Da sai ya hau gyaran riga, da tsallen bai samu ba.

Ni na daɗe a shago ina “gyara hula, ɗaga haɓa,”
Fuska nake samu, ban taɓa samun mutum ba.

Titi ne ya koya min rage sauri,
Mai gaggawa ya ratsa gari, amma bai gan shi ba.

'Yar Damagaram

Baba, a gafarce ni. Tunda ban karɓi hujjar ba, ba zan karɓi amsa-amon ba. Ga “ta”.

Baba, na durƙusa na gaishe ka,
Ban isa in ja da furfurarka,
Amma mai tsallen nan na labarinka
Baƙar inuwa ce, ba mai shaida ta.

Ni kuwa ran nan a kasuwar Dole,
Ina ciniki mayafina ya sulale,
Wani ya danna, ya wuce ya ƙyale,
Washegari Facebook ya san fuskata.

Ana ta yabonsa wai ya iya haske,
Ni ana ta kira: “Ke ce? Da gaske?”
Tun ranar ban shiga kasuwa a sake,
Shi ya kwashe yabo, ni na kwashe kunyata.

Ku dubi marigayi Malick Sidibé, mai hoton Bamako,
Matasa da kansu ke aika masa saƙo,
Su yi rawa gabansa tun daga farko,
Sun san da shi, kuma ya nuna bajinta.

Kuma kada a ce hoton da aka san da shi ba ya kai ko'ina. A 2007 aka ba Sidibé kyautar Zakin Zinare a bikin baje kolin fasaha na Venis, shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓe ta don aikin rayuwarsa. Ni ma ina ɗaukar hoto, Baba, amma gaisuwa nake fara yi, in zauna har a manta da ni.

Baƙon Zangon Kumasi

Ni ban zo raba gardama ba. Labarin wata mai raino na zo da shi.

Vivian Maier raino take yi a Shikago,
Ta kwashi yaran mutane su bi kan hanya.

Kyamarar Rolleiflex a ƙirji, ta sama ake leƙa ta,
Kai a sunkuye, kamar mai jin kunya.

Hoto ya haura dubu ɗari ta tara,
Wasu ba ta wanke ba, balle ta nuna wa duniya.

A 2007 aka yi gwanjon kayanta,
Don ta kasa biyan kuɗin ajiya.

A 2009 ta rasu ba ta san ta yi suna ba,
To me take nema duk tsawon tafiya?

Ni a ganina kallon ne tuwonta,
Dannawar nan kuwa ita ce miya.

Ita ma an baje nata ba ta ce a baje ba,
'Yar Damagaram, kin sami abokiya.

Tsohon Mai Hoto, Zariya

Ɗiyata, kin kayar da ni, amma gwiwa ɗaya ce ta taɓa ƙasa.

Abin da aka yi miki ba aikin mai hoto ba ne,
Wanda ya ga mayafi ya zame ya danna bai yi tarbiyya ba.

Amma “in zauna har a manta da ni” da kika ce,
Ai laɓewar ce da sallama, ba wani abu ba.

Ɗan Ƙofar Mata

Na ji duka. Yau na wanko hoton, na koma marina da goro a aljihu. Yaya 'Yar Damagaram, aron “ta” zan yi.

Na yi sallama, na miƙa takarda,
Ya goge hannu, ya riƙe ta da yarda,
Ya daɗe yana kallo ba gardama ba musu,
Ya ce, “Yaro, yaushe ka zo marinata?”

Na faɗa masa gaskiya, ya yi dariya,
Ya ce, “Da ka bari na sa hular jiya!
Hannun ka kai shi ko'ina a duniya,
Sana'ar ubana ce. Ka bar min fuskata.”

Baitin farko ya karye a layi na uku, na sani, bakina rawa yake a wurin. Ya riƙe takardar, ya ce in ƙaro ɗaya don jikansa. Na yanke hoton daga kafaɗa, saura hannu da ƙyalle da ruwan shuni na ɗiga.

Tsohon Mai Hoto, Zariya

Bafaranshen nan ba ya son a yanke masa hoto ko kaɗan. Amma shi kansa mai tsallen sai da aka yanke masa gefen hagu, saboda katakon shinge ya tare. Turo hannun mu gani.