Ina ake samo launi da zanen da za a yi wa duwatsu?

Maman Hanan, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna so mu yi wa ƙananan duwatsu fenti don adon falo da bakin tukwanen fulawa. Akwai fentin akirilik da burushi, amma wane zane, kuma waɗanne launuka ne ke zama da juna? Ba ma son hoton mai rai.

Hajiya Balaraba, Abha:
Wa alaikumus salam Maman Hanan. Ba sai kin je nesa ba, ki nemi hotunan Al-Ƙaɗɗ Al-Asiri, zanen bangon da matan yankin Asir na kudancin Saudiyya ke yi a cikin ɗakuna, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado a 2017. Babu mai rai a ciki, layuka ne da alwatika da ɗigo-ɗigo. Tsarinsa ya dace da dutse sosai: farar shimfiɗa tukuna, sai a fitar da zanen da baƙin layi, sannan a cike gurabe da ja, rawaya, kore da shuɗi. Baƙin layin nan shi ne ginshiƙin aikin, shi ke hana launuka masu ƙarfi faɗa da juna.

A dutsen da bai wuce tafin hannu ba, kada ki zuba duka huɗun. Uku sun isa: ɗaya ya ci fiye da rabin wurin, na biyu kamar sulusi, na uku ɗan ƙyas a tsakiyar alwatika. Ki zagaya dutsen da layi biyu kamar ɗamara, ki jera alwatika a tsakaninsu. Ki fara zanawa da fensir, don hannu yakan karkace a wurin da dutse ya lanƙwasa.

Idan kin fi son launi mai sanyi, ki dubi saƙar Sadu ta Larabawan ƙauye: baƙi, fari, ja mai duhu da ruwan ƙasa. A wajena ita ta fi kyau a kan dutse mai tsawo.

Malam Sani, Madina:
Hajiya ta yi bayani. Zan ƙara da cewa dutsen ma yana da ta cewa. Baƙin dutsen harra, wato dutsen aman wuta irin na kewayen Madina, yana da ƙananan ramuka, siririn layi ba ya tafiya a kansa, kuma yana shanye rawaya da ja har su koma kamar datti. Irinsa ɗigo yake so: fari da ruwan gwal kai tsaye a kan baƙin, da gindin burushi ko tsinken sakace. Dutse mai santsi na cikin kwari shi ake yi wa layi, bayan an ɗan goge shi da samfefa an shafa farin jeso (farin fentin shimfiɗa) sau biyu, a bar na farko ya bushe kafin na biyu.

Kada kuma a manta da na gida. Dagin Arewa yana zama daram a kan dutse mai faɗi, haka zanen hular Zanna Bukar da na lalle. Sai dai a guji rubuta aya ko sunan Allah a dutsen da zai zauna a ƙasa, kuma kada a ɗebo komai daga wuraren tarihi irin su Al-Ula, doka ta hana.

Anti Rabi, Jidda:
Maman Hanan, ki shiga Al-Balad, tsohon garin Jidda, da yamma ki ɗauki hoton rawashin, tagogin katakon nan. Korensu da shuɗinsu da ruwan ƙasa a jikin farin bango haɗi ne da ya riga ya zauna, ki kwafe shi yadda yake.

Matsalar Jidda gishiri ce da laima. Dutsen bakin teku a jiƙa shi kwana guda a ruwan daɗi, a wanke, a shanya kwana biyu. In ba haka ba gishirin zai fito ya ɗago fentin ya yi ta ɓarewa. Akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, don haka ki gwada haɗinki a bayan dutsen tukuna. Launuka masu walƙiya rana na kashe su da wuri, na waje ki zaɓi jan ƙasa da ruwan goro.

Banish kuwa, wato man da ake shafawa a kan fenti don kare shi, sai bayan awa 24, na fesawa, daga nisan santimita 25 zuwa 30, shafe biyu ko uku marasa kauri. Idan aka fesa da dare lokacin da iska ta yi nauyi da laima, yakan yi fari-fari kamar hazo. Na burushi kuma yana jan tawadar alƙalamin fenti irin su Posca ya ɓata layin, shi ya sa shafen farko dole ya zama na fesawa.