Neman shawara: Dodon da nake zanawa ya ƙi tsayuwa da ƙafafunsa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina koyon zane da fensir, kuma idan aka ba ni hoto na kwaikwaya, nakan fitar da shi har a yaba. Matsalar tana tasowa ne idan na ajiye hoton na ce zan zano abin da ke cikin kaina. Burina shi ne in zana halittun tatsuniyoyin da kakarmu ta riƙa yi mana, musamman Dodo da Zankallala, amma duk Dodon da na zana sai ya fito tamkar mutum ya yafa buzu, ƙafafunsa kuwa ba su yi kama da abin da zai ɗauki wannan jiki ba. Shin baiwar ce ba ni da ita, ko akwai hanyar da ake bi?

Wani malamin zane:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ba baiwa ka rasa ba, rumbunka ne babu hatsi, domin hannu ba ya fitar da abin da ido bai tara ba. Leonardo da Vinci, mai zanen nan na Italiya da ya rasu a 1519, ya rubuta cewa wanda yake son dabbar da ya ƙirƙira ta yi kama da gaske, to ya aro kowace gaɓa daga dabbar da take raye: kai daga kare, idanu daga kyanwa, gira daga zaki, wuya daga kunkurun ruwa.

Saboda haka ka ɗauki littafinka ka tafi kara ranar kasuwa, ka zauna kusa da awaki. Ka lura da ƙafar baya ta akuya: gaɓar nan da ta lanƙwasa baya, wadda mutane suke ɗauka gwiwa ce, diddige ne, ainihin gwiwar tana can sama daf da ciki, dabbar kuma a kan 'yan yatsunta take tafiya. Ranar da ka fahimci wannan, Dodonka zai daina tsayuwa irin ta mutum. Idan kana kusa da Kano, ka shiga gidan zu na Audu Bako ka dubi kura, wadda ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, shi ya sa bayanta ya gangara, tafiyarta take ba da tsoro. Ka fara da ƙashi, ka ɗora tsoka, sannan fata. Gashi da farata su ne na ƙarshe, ko da yake na san su ne suka fi daɗin zanawa.

Wata 'yar'uwa:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ina tsoron kada a mayar da kai mai zanen awaki har ka manta da Dodon. A 1515 Albrecht Dürer na Jamus ya zana karkanda alhali bai taɓa ganinta ba; bayani da ɗan zane kawai suka iso masa na wata da aka kai Lisbon daga Indiya. Ya lulluɓe ta da sulke, ya ƙara mata ɗan ƙaho a doro, duk kuskure ne, amma Turawa sun shafe fiye da shekara 200 suna kwafar zanen. Shawarata ita ce, bayan ka kalli dabba, ka rufe littafin ka zana ta da ka, sannan ka buɗe ka gwada. Inda ka kuskure, nan ne ba ka kalla da kyau ba.

Wani ɗalibin zane:
Yaya, kafin ka ɗora fensir, ka tambayi kanka abin da halittar take ci da inda take kwana. Mai farauta idanunsa a gaba suke, wanda ake farauta kuwa nasa a gefe. Dodon da ke cikin ruwa ba zai yi fata irin ta na kurmi ba. Zankallala ma ya sauƙaƙa maka aiki, tunda tatsuniya ta ce ɗan mitsitsi ne, maciji ne sandarsa, kunamu ne ƙaiminsa, ƙudan zuma kuma hularsa. Ina roƙonka kada ka ɗauko dodannin finafinan waje ka sa musu sunan Hausa. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, sun koyi dabarun Turawa amma suka koma ga al'adunsu, har Okeke ya zana halittun tatsuniyoyin Ibo da salon uli, wato zanen gargajiya da Ibo suke yi a jiki da bango.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, da yamman nan na tsuguna kusa da akuyar gidanmu, kuma na ga gwiwar a inda ka ce. Na yi zane shida, biyu sun yi dama-dama, na bakwai kuwa akuyar ta cinye gefen takardar. Tambayar da ta rage mini ita ce ta fukafukai, domin ina son ba wani Dodo irin na jemage.

Malamin zane:
Fiffiken jemage hannu ne, yatsu huɗu ne suka yi tsawo fata ta haɗe su, babban yatsa kuma ya rage ɗan ƙugiya a sama. Ka buɗe tafinka a gaban fitila, ka zana inuwarsa a bango, ka tsawaita yatsun, sannan ka turo mana mu gani.